Yadda Ake Auna Ciwo, a Rubuta, a Magance Shi Bayan Tiyata

Awa biyu zuwa uku bayan an yi wa mace allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, an ciro mata jariri, ƙafafunta za su fara motsi, ciwon yankan kuma ya biyo bayan motsin. Lokacin sananne ne, ana iya duba agogo a faɗe shi tun tana ɗakin tiyata. Amma a ɗakunan kwanciya da dama sai ciwon ya kai ta ga cizon zani sannan ake fara neman wanda zai ruga kemis. Wannan jinkiri nake so mu gyara, kuma yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. Tambaya yake so, da biro, da agogo.

Ƙa'idojin da ƙungiyar masana ciwo ta Amurka ta fitar a 2016 sun ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki suna fama da ciwo bayansa, kuma waɗanda ke cewa an magance musu yadda ya kamata ba su kai rabi ba. Wani bincike na Jamus da aka wallafa a 2013, kan mutum fiye da dubu 50 da ayyuka iri 179, ya gano cewa ayyukan da ake rainawa, irin su cire afendis da aikin basir, sun fi wasu manyan ayyuka ciwo a washegari, saboda su ne ba a ba isasshen magani. Aikin haihuwa ma yana sahun gaba.

Wanda cikinsa ke ciwo ba ya cika huhu da iska, ba ya tari, majina ta taru masa a ƙirji, kwana biyu sai zazzaɓi da nimoniya. Ba ya tashi daga gado, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma yana iya tafiya huhu. Hanji ya yi nauyin farkawa, barci ya gagara, mai jego ta kasa ɗaukar jariri ta ba shi nono. Ciwo mai tsanani a kwanakin farko yana kuma cikin abubuwan da ke sa ciwo ya zauna watanni bayan rauni ya warke.

Bayanin na ma'aikatan jinya ne da ɗalibai, ko da yake ɗan jinya mai kwana a tabarma gefen gado zai tsinci nasa. Adadin magungunan da zan ambata na babban mutum ne mai lafiyar ƙoda da hanta. Likita ke rubutawa, kuma in asibitinku na da rubutacciyar ƙa'ida, ita ce gaba.

Tun kafin a shiga da maras lafiya tiyata

Wanda ya farko daga allurar barci kansa na juyawa ba zai koyi sabon abu ba. Don haka tun daren jajibiri, ko a mintocin shiri in aikin gaggawa ne, ka zauna ka gaya masa gaskiya: zai ji ciwo, akwai maganinsa, kuma za a riƙa tambayarsa lamba daga sifili zuwa goma. Ka gwada shi da ciwon da ya taɓa yi, na haƙori, ko naƙuda, ko harbin kunama. In ya ce kunama takwas ce a wurinsa, kun sami ma'auni a tsakaninku ke nan.

Sai ka bi abubuwan da za su yanke irin maganin da zai iya sha: gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon hanta, asma, sikila, farfaɗiya, maganin tsinka jini, maganin damuwa, da duk maganin da ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi. Ka tambayi iyalinsa ko yana munshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, domin irinsu ne mofin, maganin ciwo mai ƙarfi da ke iya rage numfashi, ya fi yi wa haɗari. A ɗora shi a sikeli, kada a ƙiyasta da ido, musamman yara da tsofaffi da waɗanda taifot ta ramar kafin hanjinsu ya fashe.

Akwai tambayar da ake jin nauyinta: yana shan tiramadol ko kodin, ko yana yin wata allura a gida? Kada ka yi ta a gaban mahaifinsa. Ka bari ku keɓe ka ce, "Ɗan'uwa, ba don a tona maka asiri ba ne, don kada a ba ka abin da ba zai riƙe ka ba." Jikin da ya saba da waɗannan zai buƙaci fiye da na kowa, in kuma aka yanke masa lokaci guda, zai kwana yana gumi da makyarkyata da gudawa, a ɗauka zazzaɓi ne. Masu sikila da suka daɗe kan allurai ma haka ne.

Inda dangi ne ke sayo magani, a ba su takarda tun kafin aiki, a ga maganin da ido, a ajiye a loka.

Tambayar kanta

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Margo McCaffery, ta ce a 1968 ciwo shi ne abin da mai jin sa ya ce, a duk lokacin da ya ce yana jin sa. Har yau a kan haka ake tafiya. Bugun zuciya da awon hawan jini ba sa maye gurbin bakin maras lafiya, don mutum na iya zama cikin azaba alhali awonsa duk daidai.

To amma a wurinmu sai an san yadda za a buɗe bakin. Ka ce wa dattijo "Baba, ya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdulillahi," ko da haƙoransa a datse suke, don gaisuwa ka yi masa, ya amsa. Mai haihuwar fari tana jin kunyar surukarta da ke zaune a gefe. Bafulatani an tashe shi a kan kada ya nuna gazawa. Wani kuma yana ganin faɗin ciwo kamar rashin tawakkali ne. Saboda haka ka gaisa a gama, ka roƙi 'yan dubiya su ɗan ba ku wuri, ka ja labule, sannan ka yi tambayar aiki.

Ka fara da wuri: "Baba, ku nuna mini da yatsa ɗaya inda yake muku ciwo." Yatsan yakan tafi inda ba ka zata ba, kan mara saboda fitsari ya taru, ko kafaɗa, ko hannun da ke da kanula. Sai iri. Zogi a kan yanka ciwon rauni ne da aka saba. Murɗa mai zuwa tana tafiya ta fi kama da hanji, ko mahaifa mai komawa, wadda ke tsananta lokacin shayarwa. Raɗaɗi kamar wuta, ko kamar jan lantarki, ko tafiyar kiyashi a kan fata, yana nuna jijiyar da ke kai saƙon ji ce ta taɓu, kuma irin wannan ba ya cika jin magungunan da aka saba. Sai ka ji tun yaushe, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, ya kuma yi barci jiya ko bai yi ba.

Daga nan sai lamba, kuma sau biyu ake tambayarta. Ta farko yana kwance shiru. Ta biyu bayan ka ce ya ja dogon numfashi, ya yi tari, ko ya juya. Ta biyun ce mafi amfani, ita ce kuma aka fi mantawa. Mutum na iya cewa biyu yana kwance kamar gawa, ka ce ya yi tari ya ce takwas. Wannan bai sami sauƙi ba, ya dai gano cewa in bai motsa ba ba zai ji ba, kuma shi ne za a ji yana zazzaɓi jibi.

Yadda aka fi raba lambobin: 1 zuwa 3 kaɗan ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. Daga 4 zuwa sama a yi wani abu. Daga 7 zuwa sama kada ka bar wurin sai an yi. Abin da ake nema shi ne ciwon da zai bar mutum ya yi tari, ya tashi zaune, ya yi barci. Kada a ce sai an kai sifili. A Amurka, tun tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta kiran a ɗauki ciwo a matsayin awo na biyar bayan zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da awon jini. Niyyar mai kyau ce, amma bin lamba ido rufe ya taimaka wajen rubuta magunguna masu ƙarfi fiye da kima. Don haka ka haɗa lambar da abin da idonka ya gani: ya iya tarin ba wahala, ko ya iya da ƙyar, ko ya kasa.

In lamba ba ta shiga ba, kada ka matsa. Ka ba shi kalmomi huɗu ya zaɓa: babu, kaɗan, da ɗan dama, mai tsanani. Ko ka nuna masa hoton fuskoki shida na Wong-Baker, wanda yara daga shekara uku suke ganewa, tsofaffi ma yana yi musu. Shi zai zaɓi fuskar, ba kai za ka dubi tasa ka zaɓar masa ba. Ka kuma bayyana cewa ba sai yana kuka zai nuna mai hawaye ba, in ba haka ba babu namijin da zai taɓa ta. Duk ma'aunin da kuka fara da shi, a rubuta shi, kowa ya ci gaba da shi.

Wanda ba ya jin Hausa sosai, mai Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, a nemo masa tafinta cikin ma'aikata. Miji yakan ji dogon bayanin matarsa ya taƙaita maka shi da "ta ce da sauƙi."

Waɗanda ba sa iya faɗa

Ga yara daga wata biyu zuwa shekara bakwai akwai ma'aunin FLACC, wanda aka fitar a Jami'ar Mishigan a 1997. Abu biyar ake dubawa: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana rarrasuwa. Kowane ɗaya a ba shi sifili, ɗaya ko biyu, a tara, a sami lamba cikin goma. Ka yaye masa zani ka kalle shi na 'yan mintoci. Ka yi hattara da yaron da ya yi lamo, ya ƙanƙame jiki, ba ya kuka ba ya wasa. Ana yaba masa haƙuri, alhali sau da yawa shi ne mafi jin jiki. Ka tambayi uwarsa, ta fi ka sanin kukansa.

Tsohon da ya ruɗe bayan aiki, yana fizgar roba yana son sauka daga gado, a fara zargin ciwo, da cikar mara, da ƙarancin iska, kafin a ce rikicin tsufa ne. Ka dubi numfashinsa, da nishi, da yamutsa fuska, da yadda yake kare wurin in ka kai hannu. Ɗaure shi a gado ko yi masa allurar barci ba ya cire ciwon, rikicin ma ƙaruwa yake yi.

Ka yaye zani ka duba

Ciwon aiki yana da hanyar da yake bi: ya fi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sannan ya riƙa sauka. Duk ciwon da ya saɓa wa wannan, a nemi dalilinsa. Ba a hana mutum magani don ana jiran likita, amma ba a danne ciwon a yi shiru.

Ƙafa ko hannu da ke cikin siminti ko bandeji, ciwo na ta ƙaruwa, magani ba ya taɓa shi, in ka miƙe masa yatsu ya yi ihu: tsoka ce ke kumbura ba ta da wurin zuwa, kuma cikin awoyi ana iya rasa gaɓar. Kada ka jira bugun jijiya ya ɗauke, a kira likita yanzu. Ciki na kumbura, bugun zuciya na gudu, idanu sun yi fari, jiki ya yi sanyi da gumi: a zargi zubar jini a ciki. Wanda aka ɗinke wa hanji, ya fara samun sauƙi, sai a kwana na uku zuwa na bakwai ciwo ya dawo da zazzaɓi da taurin ciki: a zargi ɗinkin ya saki. Ciwon ƙirji da haki, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura, su ma na kiran likita ne. Ciwon kai mai tashi in an zauna, ya kwanta in an kwanta, bayan allurar baya, yana da nasa magani daban. Ga mai jego kuwa, kowane ciwon kai mai tsanani sai an auna hawan jininta, saboda jijjiga tana zuwa ko bayan haihuwa.

Mafi yawa kuma mafi sauƙi: ka taɓa mara, ka bi robar fitsari ka ga ko ta lanƙwashe.

Rubutu

Nas ɗin dare ba ta ga abin da ka gani da rana ba, likitan da zai zo zagaye da safe kuma folda kawai zai buɗe. "An ba da magani kamar yadda aka rubuta" ba ta gaya musu komai. Layi ɗaya mai kyau ya ƙunshi lokaci, lamba a kwance da lamba a motsi, wuri da iri, yawan numfashi, yanayin farkawa, abin da aka bayar da adadinsa da hanyarsa, da sa hannu. Misali, da ƙarfe 14:10: ciwo 5 a kwance, 8 da tari, zogi a kan yanka, ciki da laushi, numfashi 20, a farke take, an ba da mofin miligiram 2 ta jijiyar jini. Da 14:30: 3 a kwance, 5 da tari, numfashi 16, tana magana sarai, babu amai. Layi na biyun shi ne shaidar cewa an yi jinya.

Yawan awo ya danganta da ƙa'idar asibiti, amma abin da aka saba shi ne duk minti 15 a ɗakin farfaɗowa, duk awa a awoyin farko a ɗakin kwanciya, sannan duk awa huɗu tare da sauran awo. In takardar awonku ba ta da gurbin ciwo, ku ja layi da rula ku ƙara.

Ka rubuta abin da ba a bayar ba, da dalili. Ba a sayo ba, ya ƙare a ma'ajiya, maras lafiya ya ƙi, yana amai. Gurbin da aka bari fayau yana sa na bayanka ya rasa ko mantuwa aka yi da maganin ko da rubutun, ya ba da sau biyu ko ya ƙi bayarwa. Kuma in "ba a sayo ba" ta jeru sau uku, likita zai san ya canza zuwa abin da aljihun dangi zai ɗauka. A rubuta a lokacin, kada a tara sai ƙarshen aiki. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu, ban da gogewa. Magunguna masu ƙarfi suna da littafinsu na musamman, wanda ake kira DDA, inda ake rubuta shigarsu da fitarsu: mutum biyu su ƙirga, su sa hannu, ragowar kwalba a zubar a gaban shaida a rubuta. Wajen miƙa aiki kuma a faɗi lamba ta ƙarshe da lokacin magani na gaba a bakin gadon.

Magani: a kan agogo, kuma a haɗa

A kwana biyu zuwa uku na farko magani na tushe a kan agogo ake ba da shi, ko an nema ko ba a nema ba. Barin sa sai "in ya buƙata" yana nufin sai ciwo ya kai maƙura, sai ɗan jinya ya yi ƙarfin halin tashin nas, sannan a jira maganin ya kama. Matakalar magungunan ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 don ciwon daji daga ƙasa take hawa, wato daga magani mara ƙarfi zuwa mai ƙarfi. Bayan tiyata daga sama ake farawa a riƙa saukowa.

Tushe shi ne farasitamol: giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Wanda bai kai kilo 50 ba, da yara, miligiram 15 ga kowane kilo. Mai ciwon hanta da wanda ya rame sosai a rage musu. Da zarar mutum ya fara shan ruwa, ƙwaya ta wadatar, ba sai an sa dangi sayen na ƙarin ruwa mai tsada ba. Allurar farasitamol ta miligiram 300 kuwa ba ta kai sulusin abin da babba ke buƙata ba, ga zafin huda a banza.

A kansa a ɗora ɗaya daga magungunan kumburi in babu abin da ya hana: ibufurofen miligiram 400 duk awa 8, ko dikilofenak 50 duk awa 8, kada ya wuce 150 a yini. Bayan aikin haihuwa dikilofenak na matsi ta dubura, miligiram 100, yana aiki sosai, amma a yi wa mace bayani a nemi yardarta. Ba a ba mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda ya zubar da jini da yawa, ko wanda fitsarinsa ya ragu, ko mai jego mai hawan jinin ciki mai tsanani, ko mai asmar da irin maganin ke tayarwa. Tsofaffi a yi taka-tsantsan, wanda aka ɗinke wa hanji kuma a tambayi likitan da ya yi aikin. Ba a haɗa biyu daga wannan dangi. Ka leƙa loka, domin dangi sukan kawo haɗin kemis a ƙulle a leda, mai irin maganin da kake bayarwa.

Ga ciwo mai tsanani, mofin ne ma'auni. Ta jijiya ana ba da kaɗan-kaɗan, miligiram 1 zuwa 2 duk minti 5 zuwa 10, kana tsaye a kansa, har ciwo ya sauko. Tsoho a ba shi rabi. Mai iya haɗiya, na sha miligiram 5 zuwa 10 duk awa 4. Allurar tsoka ba abin dogaro ba ce ga wanda jininsa ya sauka jikinsa ya yi sanyi: maganin zai zauna a tsoka, a ƙara wani, sai jini ya dawo duka su shiga lokaci guda. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa. Rashin ne, amma har da tsoro: inda yake akwai ma yakan kwana a kulle don ana gudun "kada ya saba." A ganina wannan tsoro bai kai ya hana wanda aka tsaga wa ciki jiya magani na kwana biyu a ƙarƙashin kulawa ba.

Fentazosin, wanda aka fi sani da Fortwin, shi ya fi yawa a ɗakunanmu, galibi miligiram 30. Yana aiki, amma yana da iyakar da ƙari ba ya ƙara sauƙi, yana sa jiri da gane-gane, kuma in aka haɗa shi da mofin yana rage masa ƙarfi. Yawan yin sa a tsoka yana taurara ta har ta yi gyambo. Fetidin yana taruwa a jikin mai raunin ƙoda ya jawo farfaɗiya. Tiramadol miligiram 50 zuwa 100 duk awa 6, kada ya wuce 400 a yini; yana sa amai, kuma a kauce masa ga mai farfaɗiya da mai shan maganin damuwa. Kodin da tiramadol ba na yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne, ba a kuma so ga mai shayarwa. Furometazin, maganin amai da ake yawan haɗawa da waɗannan allurai yana ƙara barci ne, kada a ɗauki barcin a matsayin sauƙi. Diyazefam tare da su kuwa haɗari ne ga numfashi.

Ka duba takardar ɗakin tiyata ka ga abin da aka riga aka yi: ko an zuba maganin kashe zafi a bakin yanka, ko an sa mofin cikin allurar baya. In an sa, yana iya riƙewa har kusan yini guda, numfashi kuma sai an lura da shi tsawon wannan lokaci. In ba a sa ba, a ba da maganin farko tun kafin ƙafa ta gama dawowa.

Ka koma

Bayan allurar jijiya ka koma cikin minti 15 zuwa 30, bayan ƙwaya cikin awa ɗaya. Ka sake tambayar lambobi biyun. In ba su sauka ba, kada a jira zagayen safe, a kira a canza tsari.

Ga wanda aka ba magani mai ƙarfi, barci ne ke riga matsalar numfashi zuwa. Wanda ke barci amma ya farka da ka kira sunansa, lafiya. Wanda barci ke ɗaukewa a tsakiyar magana, a dakatar da magani na gaba, a sanar da likita, a matso da shi kusa da teburin nas. Wanda sai an girgiza shi, ko numfashinsa ya gaza 8 a minti, gaggawa ce. Ka ƙirga numfashin minti guda cur kafin ka tashe shi, don da ya farka zai gyaru ya ruɗe ka. Munshari mai yankewa ba barcin daɗi ba ne. In yana kan iskar oksijin, na'urar yatsa mai auna oksijin a jini na iya nuna lamba mai kyau alhali numfashin ya yi ƙasa.

In ta faru: ka kira taimako, ka buɗe masa hanyar iska, ka sa oksijin, ka taimaka masa da jakar numfashi in ya kama. Nalokson, maganin da ke karya aikin mofin, miligiram 0.4 a tsinka shi da ruwan gishiri ya cika mililita 10, a riƙa ba da mililita ɗaya duk minti ɗaya zuwa biyu har numfashi ya dawo. Wanda numfashinsa ya tsaya cak ba a yi masa kaɗan-kaɗan. Aikin nalokson na iya ƙarewa cikin awa guda alhali mofin na nan, don haka kada a bar shi shi kaɗai. Ka san inda nalokson yake a ɗakinku tun farkon shigarka aiki.

Amai, ƙaiƙayi, taurin bayan gida da riƙewar fitsari, a tambaya a magance. Mutane da yawa suna ƙin maganin ciwo ne saboda aman da ya sa su jiya.

Abin da ɗan jinya zai iya

Ka koya masa ya ninka zani ko ya ɗauki filo ya dafe yankan lokacin tari. Wajen tashi, maras lafiya ya juya gefe, ya sauke ƙafafu, ya tura da hannu, kada a ja shi ta gaba. A ɗaga kan gado, a sa filo ƙarƙashin gwiwa ga mai yankan ciki, a ɗaga gaɓar da aka yi wa aiki. A daidaita magani ya zo rabin awa zuwa awa ɗaya kafin wankin rauni ko tashin farko. Jariri a bar shi a jikin uwarsa, a ba shi nono lokacin huda. Dubiya lada ce, amma a bar mutum ya yi barci. Mai son salla a tuna masa an yi rangwame ya yi a zaune ko a kwance, mai son ɗaukar azumi kuma a tuna masa rangwamen maras lafiya, kada ya tsallake magani ya yi shiru.

Ranar sallama

A sauko daki-daki: mai ƙarfi ya fara fita, sai na kumburi bayan 'yan kwanaki, farasitamol ya zama na ƙarshe. "Sau uku a rana" takan koma safe, rana, da magariba, dare ya zama babu komai. Ka ce bayan Asuba, bayan Azahar, da ƙarfe goma na dare, tazarar za ta fi kusa da awa takwas. In an ba da tiramadol, na 'yan kwanaki ne ƙidayayyu, a ɓoye shi daga yara da samarin gida, kada kuma a je kemis a ƙaro. Mai jego da aka yi wa aiki, a gaya wa kakar jariri a gabanta cewa ruwan zafin wankan jego da gashi ba sa zuwa kan ɗinki.

Su dawo ba tare da jiran ranar da aka ba su ba in ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya zo, ko yanka ya yi ja yana ruwa, ko ciki ya kumbura da amai, ko kashi ya koma baƙi, ko fitsari ya ragu. Ciwon da ya wuce wata uku bayan aiki, musamman mai raɗaɗi ko jan lantarki a gefen tabo, kamar yadda ake gani bayan aikin gwaiwa, cire nono ko yanke ƙafa, a mayar da shi wurin likita, domin magungunan jijiya irin su amitiriftilin ne ke yi masa aiki.